Shugaba ne ke ɗaga kamfani, ko kasuwa ce ke ɗaga shugaba?

Sadisu:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da nake son masu sanin harkar kamfanoni su warware mini. Duk lokacin da babban kamfani ya ci riba, hoton shugabansa ake mannawa a bangon mujalla, a yi ta kambama shi kamar shi kaɗai ya yi aikin mutum dubu ɗari. In kuma abu ya lalace, shi ake tsinewa. Ni dai a ganina an kai abin inda bai kai ba, a wajen yabon da wajen zagin duka.

Ku ɗauki Jack Welch. Ya riƙe General Electric daga 1981 zuwa 2001, a 1999 mujallar Fortune ta naɗa shi gwarzon manajan ƙarni. Makarantun koyon kasuwanci suka yi ta koyar da salonsa, har da na sallamar kashi 10 cikin 100 na ma'aikatan da suka zo ƙarshe a awon shekara. Amma a 2018 aka cire kamfanin daga Dow Jones, jerin manyan kamfanonin kasuwar hannayen jarin Amurka, bayan ya shafe sama da shekara ɗari a ciki, zuwa 2024 kuma an raba shi gida uku. To gwanintar Welch ce ta ɗaga kamfanin, ko sa'a ya yi ya zo a zamanin da hannayen jari ke ta hawa a Amurka na kusan shekara ashirin, ya sauka kafin a kawo lissafi?

Nura:
Wa alaikumus salam. Malam Sadisu, ka dai zaɓo misalin da ya dace da ra'ayinka. Me za ka ce game da Apple? A 1997 kamfanin yana gab da durƙushewa Steve Jobs ya dawo, ya soke tarin kayan da suke ɓata lokaci a kansu, ya bar 'yan kaɗan. Bayan shekara goma iPhone ya fito. Ko Microsoft: lokacin da Satya Nadella ya karɓa a Fabrairun 2014 darajar kamfanin tana wajen dala biliyan 300, a farkon 2024 ta haura tiriliyan 3. Injiniyoyin kusan su ne dai, kasuwar ita ce dai, mutum ɗaya aka canza. In wannan ba tasirin shugaba ba ne, mene ne?

Sadisu:
Nura, Azure ɗin da ake ta jinjina wa Nadella a kansa, wato sashen Microsoft mai ba da hayar ƙarfin kwamfuta ta intanet, a zamanin magabacinsa Steve Ballmer aka ƙaddamar da shi, a 2010. Kuma Ballmer ne ya ɗora Nadella a kan sashen. Wanda kuke yi wa dariya shi ya zuba kuɗin, wani ya zo ya kwashi yabon.

Nura:
To ai shi Ballmer ɗin ne ya sayo sashen wayoyin Nokia a kan sama da dala biliyan 7, kuɗin da aka lissafa a asara a 2015. Ka faɗi wannan ma mana.

Dokta Kabiru:
Kowannenku yana da abin kamawa, kuma in kuka ci gaba da jifan juna da misalai za ku kwana a nan, don kowane ɓangare yana da su jibgi. Wannan gardamar ta daɗe a tsakanin masana. Tun 1972 Lieberson da O'Connor suka bi lissafin manyan kamfanonin Amurka na shekaru masu yawa, suka ga cewa irin sana'ar da kamfani ke ciki da yanayin kamfanin kansa sun fi canjin shugaba bayyana hawa da saukar riba. Waɗanda suka zo bayansu sun yi ta jayayya a kan yawan kason shugaba, wasu su ɗaga, wasu su rage, amma ban ga wanda ya ce shi ne komai ba, ban kuma ga wanda ya ce ba shi da kaso ba.

Abu biyu da za su yi wa Malam Sadisu daɗi. A 2001 Bertrand da Mullainathan suka nuna cewa albashin shugabannin kamfanonin mai yana hawa in farashin ɗanyen mai ya hau, alhali ba su da hannu a farashin. Wato ana biyan su ladan sa'a. Sannan a 2009 Malmendier da Tate suka bi shugabannin da suka ci lambobin yabo na manyan mujallu, suka tarar bayan lambar albashinsu na ƙaruwa, aikin kamfanin kuma na ja baya, su kuwa sun koma rubuta littattafai da zama a hukumomin wasu kamfanoni. Saboda haka ni in na ga hoton shugaba ya yi yawa a bangon mujalla, hankalina ba ya kwanciya.

Hajiya Balaraba:
Sannunku da ƙoƙari. Ni aikin binciken kuɗi na yi har na ajiye, kuma ina ganin kuna neman shugaba a inda ba a fiye samun sa ba. Ribar shekara abubuwa da yawa ke haɗa ta: farashi, canjin kuɗi, abin da magabata suka shuka, kuskuren abokin hamayya. Da wuya ka zare hannun mutum ɗaya daga ciki. Amma akwai abu biyu da ba mai yanke su sai wanda ke sama: wa za a ƙara wa girma da kuɗi, da kuma me zai faru da wanda ya kawo labari mara daɗi. A nan hannun shugaba yake, kuma daga nan mutuncin kamfani ke ginuwa ko ya zube.

Ku duba bankin Wells Fargo na Amurka. Bankin ya yi shekaru yana alfahari da cewa yana son kowane gida ya riƙe hajarsa har guda takwas: asusun ajiya, katin bashi, inshora da sauransu. Aka ɗora wa ƙananan ma'aikata adadin da ba zai yiwu ba. Me suka yi? Suka riƙa buɗe wa mutane asusu ba da saninsu ba. A Satumban 2016 hukumomi suka ci bankin tarar dala miliyan 185, aka ce asusun bogi sun kai miliyan 2, daga baya lissafin ya kai miliyan 3.5. An kori ma'aikata kusan 5,300 a tsawon shekarun. Shugaban bankin, John Stumpf, ya fara da ɗora laifin a kan 'yan tsirarun ɓata-gari. Mutum dubu biyar ba 'yan tsiraru ba ne. Ba wanda ya ce ya ga takardar da Stumpf ya rubuta cewa a yi zamba, kuma ba ya buƙatar rubutawa. Ya faɗi abin da za a auna, ya biya waɗanda suka kawo shi, bai tsananta tambayar yadda aka yi ba. A Oktoban shekarar ya sauka.

Kuma ku lura, a duk shekarun da ake wannan aika-aikar bankin riba yake ci, ana yabon shugabancinsa. Da a riba kuka tsaya, da kun ba shi lambar yabo.

Rabi:
Hajiya, wallahi kamar kina wurin. Na yi aiki a sashen talla na wani banki, ba zan kama suna ba. Kowace Litinin da safe manaja zai rubuta sunayenmu a allo, kowa da adadin asusun da ya buɗe a gefen sunansa, na ƙasa su miƙe tsaye su yi bayani a gaban kowa. Ba a taɓa tambayar ko asusun yana motsi ba. Sai ka ga mutum ya bi 'yan'uwa da abokai yana roƙo a buɗe, ya sa ɗan abin da ya samu daga aljihunsa, in wata ya mutu a cire. Kowa ya sani, har manajan, don shi ma haka ake tsayar da shi a nasu taron.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ranar da manajan darakta ya kawo ziyara. Ya yi jawabi mai daɗi a kan gaskiya da riƙon amana, muka tafa. A makon ne takarda ta zo daga hedikwata an ƙara taget. Wata abokiyar aikinmu ta rubuta wa na sama cewa lambobin da ake tura musu ba na gaske ba ne. Ba a kore ta ba, an dai mayar da ita wani reshe mai nisa, aka tsallake ta a ƙarin girma. Daga ranar ba wanda ya sake buɗe baki. Mu ba jawabin muka ɗauka a matsayin umarninsa ba, abin da ya samu waccan baiwar Allah muka ɗauka.

Injiniya Auwal:
Allah ya saka miki, Rabi. A ɓangarenmu ma haka abin yake, sai dai a nan rayuka ake asara.

Volkswagen ta so mamaye kasuwar Amurka da motocin dizal, amma dokar hayaƙin can tana da tsauri, kuma injin ya kasa cika ta a kan kuɗin da aka yanka. A kamfanin da injiniya zai iya cewa "ranka ya daɗe, ba zai yiwu ba", sai a canza shiri. A can sai aka sa wa motar manhajar da ke gane lokacin da ake gwada ta, ta rage hayaƙi, in ta hau titi ta saki har ninki 40 na abin da doka ta yarda. Masu bincike na Jami'ar West Virginia ne suka fara gano bambancin da suka auna motocin a kan hanya. A Satumban 2015 asiri ya tonu, motoci miliyan 11 a duniya. Shugaban kamfanin, Martin Winterkorn, ya yi murabus cikin 'yan kwanaki yana cewa bai san da wani laifi daga ɓangarensa ba. Ko da mun gaskata shi, ai wannan ma tuhuma ce: an shafe shekaru ana abu a motoci miliyan 11, ba wanda ya iya zuwa ya gaya maka?

Na Boeing ya fi muni. Suna tseren kamo Airbus, suka fito da 737 MAX da wata manhaja mai dunƙufar da hancin jirgi bisa bayanin na'ura guda ɗaya tak, ba a kuma yi wa matuƙa cikakken bayaninta ba, don kada kamfanonin jirage su ce sai an sake horar da matuƙansu. Jirgin Lion Air ya faɗi a Oktoban 2018, mutum 189. Aka ci gaba da tashi. Na Ethiopian Airlines ya faɗi a Maris 2019, mutum 157. Rai 346. Sai bayan nan aka dakatar da jirgin, ya yi wata 20 a ƙasa a Amurka, aka sallami shugaban kamfanin Dennis Muilenburg a Disambar 2019. Kwamitin majalisar wakilan Amurka da ya bincika ya ce akwai al'adar ɓoye-ɓoye a kamfanin. Wannan al'adar ba daga sama ta faɗo ba.

Sadisu:
Na ji, kuma ban musa ɓarnar ba. Amma ku amsa mini wannan. An kama Volkswagen da ƙarya a 2015. A 2016 ita ce ta fi kowane kamfani sayar da motoci a duniya, ta wuce Toyota. Ina mutuncin da ya zube? Mai sayen mota farashi yake dubawa da shan mai. Boeing ma har gobe ana sayen jiragenta. Ni ina zargin wannan maganar ta "sunan kamfani" masu sana'ar gyaran suna ne ke hura ta don su samu na kansu.

Maryam:
Haba Malam Sadisu, ga ni nan fa, sana'ata ke nan, ka yi a hankali.

Kuskuren shi ne ɗaukar cewa mai saye kaɗai ke riƙe da sunan kamfani. Akwai hukuma, akwai kotu, akwai masu ba da bashi, akwai ƙwararren da ke tunanin inda zai nemi aiki. Volkswagen ta sayar da motoci, gaskiya ne, amma badaƙalar ta ci mata sama da yuro biliyan 30 na tara da diyya da sake sayen motoci. Boeing ana sayen jiragenta ne don masu ƙera manyan jiragen fasinja kusan biyu ne kacal a duniya, ita da Airbus, mai saye ba shi da wurin zuwa. Amma da wani murfin ƙofa ya ɓalle daga jirgin Alaska Airlines a Janairun 2024, hukumar jiragen sama ta Amurka ta ƙayyade musu yawan jiragen da za su ƙera a wata. Ba za a yi wa wanda aka amince da shi haka ba. Wells Fargo kuwa, a Fabrairun 2018 babban bankin Amurka ya hana shi ƙara girman kadarorinsa, ba a ɗage ba sai 2025. Shekara bakwai abokan hamayya na girma kai kana tsaye. Wannan ba a ganin sa a adadin kwastomomi.

Kuma a ranar da masifa ta auku, a nan ne ba mai iya tsaya wa shugaba. A 1982 mutum bakwai suka mutu a yankin Chicago bayan shan maganin ciwo Tylenol da wani ya sa wa guba. Ba a masana'anta aka sa ba, kamfanin zai iya cewa ba ruwansa. Shugaban kamfanin, James Burke na Johnson & Johnson ya sa aka janye kwalabe miliyan 31 daga faɗin ƙasar, asarar ta kai wajen dala miliyan 100, aka gargaɗi jama'a kada su sha, sannan aka dawo da maganin a cikin mazubi mai hatimin da in an taɓa za a gane. Mutane da yawa sun ɗauka sunan ya mutu, amma cikin kusan shekara guda ya dawo da yawancin kasuwarsa.

Ka gwada da kamfanin mai na BP a 2010. Dandalin haƙar mai na Deepwater Horizon ya fashe, ma'aikata 11 suka mutu, mai ya yi kwana 87 yana kwarara cikin teku. Shugaban kamfanin, Tony Hayward, ya tsaya gaban 'yan jarida ya ce shi ma yana so ya koma rayuwarsa ta da. Bayan 'yan makonni aka gan shi a wajen tseren jiragen ruwa na shaƙatawa. Ko wane gwani ne a ofishin hulɗa da jama'a, ba abin da zai iya gyarawa bayan wannan.

Dokta Kabiru:
Maryam, na yarda da ke, sai dai a ƙara da cewa Johnson & Johnson ɗin da ake koyar da labarinta a aji ita ce daga baya ta sha dubban ƙararraki a kan hodar jarirai, har ta daina sayar da mai sinadarin talk a Amurka da Kanada a 2020, a duniya baki ɗaya a 2023. Abin da Burke ya yi na Burke ne da mutanen zamaninsa. Ba a gadon sa kamar gini.

Alhaji Tanimu:
Yara, kun yi magana mai ma'ana, amma kun manta da waɗanda suka ɗauki shugaban aiki. Ni ɗan ƙaramin mai hannun jari ne, na daɗe ina zuwa taron shekara-shekara. Manajan darakta ma'aikaci ne. Akwai hukumar daraktoci da aka ce ita ke sa ido a kansa a madadinmu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Enron, kamfanin makamashi, mujallar Fortune ta ba ta kamfani mafi ƙirƙira a Amurka shekara shida a jere. A Disambar 2001 ta durƙushe, aka gano an ɓoye basussuka a wasu ƙananan kamfanoni na gefe. Hukumar daraktocin ce da kanta ta amince shugaban sashen kuɗi ya riƙa tafiyar da waɗansu daga cikin kamfanonin nan, yana ciniki da kamfanin da ke biyan sa albashi. Wata ma'aikaciya, Sherron Watkins, ta rubuta wa shugaban kamfanin Kenneth Lay gargaɗi tun watan Agusta. Tsohon manajan darakta Jeffrey Skilling ya tafi kurkuku, Arthur Andersen, kamfanin oditan da ke duba musu lissafi, ya mutu, ma'aikata suka rasa aiki da kuɗin fanshonsu.

A Najeriya ma, ranar 14 ga Agustan 2009 Babban Banki a ƙarƙashin Sanusi Lamiɗo Sanusi ya sauke shugabannin bankuna biyar: Afribank, Finbank, Intercontinental, Oceanic da Union, ya zuba musu naira biliyan 420. Kafin ranar ana ta raba wa wasunsu lambobin yabo. Huɗun farko yau ko sunansu babu a kasuwa. Duka suna da hukumar daraktoci, da kwamitin binciken kuɗi, da odita na waje. Ina suke? Inda shugaba ne ya zaɓo daraktocin, shi ke yanka musu alawus, wasu ma suna cin bashi a bankin, wa zai tambayi wa?

Nura:
Ranka ya daɗe, to duk misalan ɓarna ake ta kawowa. Ba wanda ya yi daidai a kan wannan ma'aunin na Hajiya?

Injiniya Auwal:
Akwai. Alan Mulally ya zo Ford daga Boeing a Satumban 2006, shekarar da kamfanin ya yi asarar sama da dala biliyan 12. Ya kafa taro kowace Alhamis, kowane shugaban sashe ya zo da rahotonsa da launi: kore in lafiya, rawaya in da 'yar matsala, ja in abu ya tsaya. Makonnin farko kowa kore yake kawowa. Kamfani na zubar da biliyoyi, amma a takarda kowa lafiya lau, don a al'adar gidan wanda ya nuna matsala ya haƙa wa kansa rami.

Sai Mark Fields, mai kula da yankin Amurka, ya dakatar da fitar da sabuwar motar Edge saboda matsala a ƙofar baya, ya zo taro da ja. Ɗakin ya yi tsit, ana jiran a ga yadda za a yi da shi. Mulally ya tafa masa, ya tambaya wa zai iya taimaka masa. Nan take wasu suka ce za su turo injiniyoyinsu. Da aka ga mako ya zagayo Fields na nan a kujerarsa, sai rahotanni suka fara zuwa da ja da rawaya ko'ina. Matsalolin dama suna nan, yanzu ne aka fara ganin su. Fields ɗin ne ya gaji Mulally a 2014. A 2009 General Motors da Chrysler suka shiga kotun fatara, Ford ba ta shiga ba.

Sadisu:
Ford ta tsira ne don ta ci bashin wajen dala biliyan 23 a ƙarshen 2006, ta jinginar da kusan komai har tambarinta, kafin kasuwar bashi ta rufe a 2008. Da an yi jinkirin shekara biyu ba mai ba su. Tafi bai biya albashi ba, bashin ne ya biya. Kuma shi Fields ɗin an sauke shi a 2017.

Injiniya Auwal:
To wa ke cin bashin biliyan 23 in rahotanninsa duka kore ne? Sai wanda ya yarda gidan na cin wuta.

Hajiya Balaraba:
Malam Sadisu, ina ganin ba mu yi nisa da juna ba kamar yadda kake zato. Kai kana cewa kada a ba shugaba ladan ribar da ba shi ya kawo ba. Ni ina cewa kada a yafe masa ɓarnar da tsarinsa ya haifar don kawai ba a ga sa hannunsa ba. Matsalar ita ce yadda ake biyan su ya juya abin: riba ta bana a biya shi bana, ɓarna kuwa sai bayan shekara biyar ko goma take fitowa, lokacin ya tafi. Sashen ba da bashi na General Electric da ya riƙa ƙawata ribar zamanin Welch, shi ne ya kusa kayar da kamfanin a 2008, a hannun magajinsa Jeff Immelt.

An ɗan yi gyara. Bayan Enron, dokar Sarbanes-Oxley ta 2002 ta wajabta wa shugaban kamfani da shugaban sashen kuɗi su sa hannu da kansu cewa lissafin gaskiya ne, don kada wani ya ce bai sani ba. Wells Fargo ta ƙwato miliyoyin daloli daga Stumpf, a 2020 kuma hukuma ta ci shi tarar dala miliyan 17.5 ta haramta masa aikin banki har abada. Amma Muilenburg ya bar Boeing da haƙƙoƙin da suka haura dala miliyan 60.

Rabi:
Su kuma 5,300 ɗin da aka kora, da me suka tafi?

Sadisu:
Hajiya, in haka ne a riƙe kaso mai tsoka na ladansu sai bayan shekara biyar da saukarsu. Kuma a raba kujerar shugaban hukumar daraktoci da ta manajan darakta, kada mutum ɗaya ya zama shi ne ɗalibi shi ne mai duba jarrabawa. Amma a kan riba ina nan a kan bakana.

Dokta Kabiru:
Raba kujerun yana da kyau, Birtaniya ta ba da shawarar haka tun rahoton kwamitin Cadbury na 1992. Sai dai kada a ɗauka magani ne. A Jamus doka ta raba hukumar sa ido da ta gudanarwa gaba ɗaya, har da wakilan ma'aikata a ta sa idon, kuma a ƙarƙashin wannan tsarin aka yi badaƙalar Volkswagen. Stumpf kuwa shi ke riƙe da kujerun biyu. Ka ga an yi ɓarna da tsarin, an yi babu shi.

Nura:
To Hajiya, mu da ke waje, masu son sayen ɗan hannun jari ko neman aiki, ta yaya za mu gane? Ba za a bar mu mu shiga taron Alhamis ba.

Hajiya Balaraba:
Akwai alamun da ke fitowa fili, ɗana. Ka duba rahoton shekara na 'yan shekarun baya a jere, ba na bana kaɗai ba. Shugabannin sashen kuɗi nawa suka tafi, kuma an faɗi dalili? An canza kamfanin odita ba zato ba tsammani? Ribar da ake shela tana tafiya da tsabar kuɗin da ke shigowa, ko riba na hawa kuɗi na raguwa? Ka karanta shafin cinikin da kamfani ya yi da daraktocinsa da 'yan'uwansu, yawanci can baya ake tura shi da ƙananan haruffa. Kamfanin da ribarsa ke cika hasashe daidai wa daida kowane wata uku, shekara da shekaru, ba ya burge ni, don kasuwa ba ta tafiya haka.

In aiki kake nema, ka sami wanda ya bar wurin, ba wanda ke ciki ba, ka tambaye shi labarin mutum na ƙarshe da ya kai ƙorafi sama da inda yake yanzu. Mu a lokacinmu, in mun shiga kamfani, bayan littattafan kuɗi ina neman kundin bayanan taron daraktoci. In na karanta na shekara biyu ban ga inda darakta ko ɗaya ya ƙi amincewa da wani abu ko ya nemi a dawo da shi taro na gaba ba, sai in ƙara yawan takardun da zan bincika.

Alhaji Tanimu:
A ƙara da wannan: a taron shekara, ka lura da wanda ke amsa tambaya mai zafi. In kowace tambaya manajan darakta ne ke karɓe makirufo, shugaban kwamitin binciken kuɗi na zaune bai ce uffan ba, ni a wannan makon nake kiran dillalina.